Wa Zai Yi Waƙa Da Sunanmu?

Ranar 20 ga Satumba, 2025, aka yi gasar waƙa ta ƙasa da ƙasa mai suna Intervision a gefen birnin Mosko na Rasha. Ƙasashe sama da ashirin suka shiga, kowace da mawaƙinta da tutarta. Daga Afirka akwai Masar, Habasha, Kenya, Madagaska da Afirka ta Kudu. Wani matashi ɗan Biyetnam, Duc Phuc, shi ya lashe. Najeriya, wadda kullum take cika baki cewa kiɗanta ya mamaye duniya, ba ta cikin jerin. A daren ne kuma aka sanar cewa Saudiyya ce za ta karɓi baƙuncin gasa ta gaba.

Wani zai ce, to mu a Jambutu mene ne namu a ciki? Ga namu. Yawancin ƙasashen da suka je Mosko ƙawayen ƙungiyar BRICS ne, Najeriya kuwa tun watan Janairun 2025 aka karɓe ta a matsayin abokiyar hulɗar ƙungiyar. Ko ba wannan gasar ba, wata tana tafe. Wata rana takardar gayyata za ta faɗo kan teburin wani a Abuja, a ce Najeriya ta turo mawaƙi ɗaya da waƙa ɗaya, su tsaya a madadin mutum sama da miliyan 200. To a ranar, wa za a tura? Wa zai zaɓe shi? Da wane harshe zai yi waƙar? Kuma yaron da yake rera waƙa a bayan tashar Jambutu, ta wace ƙofa zai shiga layi?

Maganarmu guda ce: duk wanda zai fita da sunan ƙasa, to a zaɓe shi a fili, daga unguwa zuwa sama, ba a ɗauko shi daga aljihun wani ba. Kuma tun yanzu za a gina wannan hanya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda aka saba yi mana

Ba zato muke yi ba, mun ga yadda ake zaɓar waƙa a ƙasar nan. A watan Mayun 2024 aka sauya taken Najeriya. Cikin kwanaki ƙalilan ƙudurin ya ratsa majalisun tarayya biyu, ranar 29 ga watan shugaban ƙasa ya sa hannu, aka koma wa taken 1960, wanda wata Baturiyar Ingila, Lillian Jean Williams, ta rubuta kalmominsa. Yaranmu na firamare sun kwana da take ɗaya, sun tashi da wani. Babu mai unguwar da aka tuntuɓa, babu malamin makarantar da aka tambaya. In waƙar da ake miƙe mata tsaye kullum safiya haka aka yi da ita, me kuke tsammani game da wadda za a kai waje ta dare ɗaya?

Abin ba sabo ba ne. A bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, ƙasashe sama da hamsin suka hallara a Legas. Fela Anikulapo Kuti, wanda a lokacin babu mawaƙin Najeriya da aka fi sani a waje kamarsa, yana cikin kwamitin shirya wakilcin ƙasar, amma ya fice bayan sun saɓa da hukuma kan yadda ake tafiyar da shirin. Sai ya koma gidan rawarsa, baƙin da suka zo bikin gwamnati kuwa suna sulalewa da dare su tafi wurinsa. Arewa kuma rabonta a bikin shi ne hawan daba a Kaduna. Dawaki sun yi kyau, ba mu musa ba. Amma tun daga nan hoton ya manne: in ana son nuna Kudu a kawo mawaƙi da sunansa, in ana son nuna Arewa a kawo doki da mai algaita, wanda ko sunansa ba a rubutawa a takardar shiri.

Wannan fa a ƙasar da ta haifi Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Ƙasar Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge. Ba mawaƙa muka rasa ba. Matakala muka rasa.

Mun san yadda ake gina matakala

Abin haushin shi ne mun iya. Mu nan Arewa muna da tsarin zaɓen wakilin ƙasa wanda ya kusa shekara arba'in yana aiki, kuma kowa a unguwar nan ya san shi: musabaƙar karatun Alƙur'ani. Mu yi maza mu faɗa, Allah ya tsare mu da haɗa maganar Allah da waƙa. Ba abin da ake karantawa muke kwatantawa ba, hanyar zaɓen muke nufi.

Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙa ta ƙasa. Yaro yana farawa daga makarantarsu ta Islamiyya, ya je ƙaramar hukuma, ya je jiha, ya je ta ƙasa, wadda ake zagayawa da ita jiha-jiha. Daga nan zakaru suke wucewa gasar duniya, irin ta Sarki Abdul'aziz da ake yi a Makka. Alƙalai suna zaune a gaban jama'a. An san abin da ake ba maki: hadda, tajwidi, murya. In ka yi kuskure, ƙararrawa za ta buga kowa ya ji, ko kai ɗan wane ne. Ba mu ce ba a taɓa yin ƙorafi ba, aikin ɗan Adam ne. Amma ɗan mai sayar da itace ya san in ya dage akwai ƙofar da ba sai da katin wani Alhaji za ta buɗe masa ba.

Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun yi wa waƙa irin wannan gata. A 1987 suka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, inda ƙungiyoyin kiɗa daga sassan ƙasar suke karawa. Shi ya sa in gasa ta taso a waje suna da rumbun da za su ɗiba. Kuma tana tasowa: wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, waɗanda Yamai ta karɓi baƙuncinsu a watan Disambar 2005, ba tsere da kokawa kaɗai ake yi a cikinsu ba, har da gasar waƙa da rawa da tatsuniya, kowace ƙasa da wakilinta. Kamaru ma tana ciki. Wato mawaƙin Garwa, wanda Binuwai ɗaya muke sha da shi, yana da dandalin da zai iya mafarkin hawa da tutar ƙasarsa. Namu fa?

Za a ce ai muna da NAFEST, bikin al'adu na ƙasa da aka faro a 1970 bayan yaƙin basasa, inda jihohi suke aika tawaga. Haka ne. To a tsaya a majalisar kowane mai shayi daga Jambutu zuwa Luggere a tambaya: wa ya san ranar da ake tantance waɗanda za su tafi? Wa ya san ma'aunin? Gasar da jama'a ba su ga farkonta ba, ba za su damu da ƙarshenta ba.

Darasi daga Turai, ba kwaikwayo ba

Gasar da ta fi kowace daɗewa a irin wannan fage ita ce Eurovision, wadda aka fara a Lugano ta Suwizalan a 1956 da ƙasashe bakwai. Akwai shiga da raye-raye a cikinta da ba za mu so a kawo mana falo ba, wannan a bar musu kayansu. Abin dubawa shi ne yadda ƙasashen suke fitar da gwani.

Hanyoyi biyu ne. Wasu gidan talabijin na ƙasa ne yake rufe ƙofa ya zaɓa. Wasu kuwa gasa ake buɗewa. Suwidin tana kwashe makonni shida tana zagaya garuruwanta da gasar cikin gida, jama'a suna kaɗa ƙuri'a, kafin a fitar da waƙa ɗaya. Sau bakwai ta ci Eurovision, babu wadda ta kamo ta sai Ailan. Italiya tana da bikin waƙa na Sanremo tun 1951, kuma wanda ya ci shi ake fara yi wa tayin wakiltar ƙasa. A 2021 wasu matasa huɗu, ƙungiyar Måneskin, waɗanda a bakin titin birnin Rum suka fara kiɗa, suka ci Sanremo, suka wuce suka cinye Turai gaba ɗaya, da harshen Italiyanci.

Gaskiya ɗaya ce, zaɓen ɗaka ba kullum yake faɗuwa ba. Birtaniya ta zaɓi wakilinta a asirce a 2021 ta dawo da sifiri, ta sake yin haka a 2022 ta zo ta biyu. Amma mu ba kofi kaɗai muke hange ba. Ƙasar da ta yi gasa a fili, ko ta faɗi a waje ta riga ta ci riba a gida: an ji sababbin muryoyi, makaɗa sun samu aiki, ƙananan garuruwa sun ga baƙi. Wadda ta yi zaɓen ɗaka kuwa in ta faɗi, babu abin da ya rage sai kuɗin jirgi da aka ƙona.

Maganar harshe

Da zarar an ce wakilcin Najeriya, sai wasu su ɗauka dole da Turanci ko Turancin buroka za a yi, wai shi duniya take ji. Wannan magana ta sha ƙasa sau da yawa. Sabiya ta ci Eurovision a 2007 da harshenta. Fotugal ta ci a 2017 da harshenta, da waƙa mai sanyi wadda babu tsalle-tsalle a cikinta. Yukiren ta ci a 2022 da harshenta da sarewar gargajiya. A kusa da mu, Ali Farka Ture na Mali ya ci Grammy da waƙoƙin harsunan ƙasarsa. Ƙungiyar Abzinawa ta Tinariwen ta ci a 2012. Bombino na Agadas an sa shi cikin 'yan takara a 2019. Babu wanda ya ajiye harshen uwarsa a filin jirgi.

Mu ma a Najeriya an koya mana wannan darasi, ta hanyar fim. A watan Nuwamban 2019 masu shirya kyautar Oscar suka cire fim ɗin Lionheart, na farko da ƙasar nan ta taɓa aikawa, saboda Turanci ya yi masa yawa. Shekara ta zagayo, sai kwamitin zaɓe ya juyo Arewa: The Milkmaid, wanda aka ɗauka a Taraba, da Hausa da Fulatanci a bakin 'yan wasansa. A 2024 kuma aka aika Mai Martaba, fim ɗin Hausa. Ba su ci ba, amma an karɓe su a matsayin na Najeriya. Ka ji fa! Sai da aka kore mu daga ƙofa da harshen aro kafin aka tuna akwai na gado. A 2022 kuwa kwamitin ya tashi bai zaɓi fim ko ɗaya ba, rigima ta ɓarke, wasu mambobi suka yi murabus. Haka abin yake in mutum goma sha wani abu suka kulle kansu a ɗaki suna yanke wa ƙasa hukunci.

Burna Boy ya ci Grammy a 2021, Tems ta ci, mun yi murna, 'yan ƙasarmu ne. Amma su kansu da kamfanoninsu suke wakilta, ba wanda ya aike su. In ƙasa ce za ta aika, da kuɗin jama'a, to dole a auna kowa: mai Yarabanci, mai Ibo, mai Tibi, mai Kanuri, mai Fulatanci, mai Bacama, mai Hausa. Wanda ya ci ya tafi, mu raka shi da addu'a ko ba mu jin abin da yake faɗa.

Mu da ba a san inda za a ajiye mu ba

A nan ne abin ya fi shafarmu. Bahaushen Jimeta yana da matsala uku, ba ɗaya ba. A Legas, kai ɗan Arewa ne, an gama da kai da kalmar "aboki". A Kano, inda kasuwar waƙar Hausa take, kai ɗan Yola ne, har a yi maka dariyar yadda Hausarka take jan Fulatanci. A gida kuma, in maganar wakiltar jiha ta taso, sai a tambaye ka takardar asali. Kakanka ya zo fatauci ko almajirci daga Katsina ko Haɗeja ko Damagaram tun zamanin da jiragen ruwa suke tsayawa a bakin kogin nan, an haifi ubanka nan, an yanke maka cibi nan, kana biyan haraji nan, kana jefa ƙuri'a a mazaɓar Jambutu, amma ranar rabo sai ka zama baƙo. In ka koma garin kakanka, can ma ba su san ka ba.

Kada a ji mu ba daidai ba. Adamawa jiha ce mai harsuna masu yawa, kuma Bacama da Kilba da Margi da Camba da Higi da Bare da Lunguda da Fulani kowa yana da haƙƙin a ga rawarsa a ji kiɗansa. Ba mu zo ture kowa ba. Su ma da yawansu irin kukanmu suke yi, domin wanda yake ƙauyen Madagali ko Toungo ya fi mu nisa da ofis. Abin da muke cewa shi ne, waƙa da kunne ake auna ta, ba da takardar ƙaramar hukuma ba. Duk wanda yake zaune a mazaɓa, ya shiga gasar mazaɓar.

Kuma wannan cakuɗa da ake mana gori a kai, ita ce jarinmu. Yaron Jambutu ya tashi yana jin kalangu a gidan biki, yana jin gogen Fulani, yana jin kiɗan Kamaru a cikin Keke Napep, yana jin mawaƙan coci ranar Lahadi ta katangar maƙwabta. Zai iya buɗe baiti da Hausa ya rufe da Fulatanci ba tare da ya yi tuntuɓe ba. In ana neman waƙar da za ta nuna wa duniya yadda Najeriya take da gaske, ina za a same ta in ba a irin unguwar nan ba?

Masu cewa a'a

Akwai masu cewa, haba, ana fama da tsadar masara da ambaliya da 'yan shila, ku kuna maganar waƙa? Mun ji. Amma waƙa sana'a ce. A bayan mawaƙi ɗaya akwai mai situdiyo, mai kiɗa, 'yan amshi, mai ɗaukar hoto, tela, mai hayar kujeru da lasifika. Ba mu ce gasa za ta kawar da ƙwacen waya ba. Mun dai ce matashin da yake da ranar da yake jira da abin da yake gwaji dominsa kullum yamma, ya fi wuyar ja zuwa lungu.

Akwai iyayenmu malamai, Allah ya gafarta musu, da suke da magana kan kiɗa. Ba mu isa mu ba da fatawa ba, kuma ba a wannan shafi za a raba wannan gardama ba. Amma ai waƙa ba kiɗa kaɗai ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi waƙoƙi, Nana Asma'u ta yi da Fulatanci da Hausa da Larabci ta karantar da mata da su. Aliyu Namangi, Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja, Aƙilu Aliyu, duk da murya da alƙalami suka girgiza Arewa. A ware rukunin waƙa ba kiɗa. Kuma malamai su lura: gasa a fili, mai sharuɗɗa, ita ce kaɗai inda za su iya cewa wannan kalma ba ta dace ba. In an bar zaɓen a hannun wani ofis mai nisa, sai dai su ga sakamako a talabijin kamar kowa.

Akwai kuma masu cewa a bar wa ƙwararru, talaka bai san waƙa ba. Wannan ita ce ta fi ba mu dariya. Wa ya ɗaga Shata? Kwamiti? 'Yan tasha da direbobi da matan aure ne suka ɗaga shi, jami'a daga baya ta zo ta sa hannu. Ƙwararru suna da wuri, a kujerar alƙalanci, a gaban jama'a, da makinsu a rubuce.

Sai kuma namu na gida, waɗanda ba za mu ƙyale ba. Akwai mai kuɗin da zai yi liƙin dubu ɗari biyu a daren biki saboda an ambaci sunan kakarsa, amma ka je masa da maganar kofin gasar matasa ya ce kasuwa babu. Akwai uban da wayarsa cike take da waƙoƙin Ala da Nura M. Inuwa da Ali Jita, amma ɗansa ya ce zai yi waƙa, sai ya ce ba a gidansa za a yi roƙo ba. Akwai ɗan siyasar da bai san mawaƙan unguwa ba sai wata uku kafin zaɓe, a yi masa waƙa a zagi abokin hamayya, a sallami yara da kuɗin shan ruwa, in rigima ta tashi su ne a hannun hukuma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da irin wannan riƙo, ko Abuja ta buɗe ƙofa gobe, wa muka shirya da zai shiga?

Abin da muke nema

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Adamawa tana da 21. Yola ta Arewa tana da mazaɓu 11: Ajiya, Alƙalawa, Doubeli, Gwadabawa, Jambutu, Karewa, Limawa, Luggere, Nassarawo, Rumde da Yelwa. Matakalar a shimfiɗe take, da ita ake zaɓe, da ita ake rabon taki. Me zai hana a hau ta da waƙa? Ga sharuɗɗan da muke ganin in babu su, gara a bar abin:

Na ɗaya, sanarwa a fili, aƙalla wata guda kafin ranar, a gidajen rediyon garin nan, da Hausa da Fulatanci da Turanci. Ba a manna takarda a allon ofis ranar Juma'a a rufe karɓa ranar Litinin ba.

Na biyu, shiga ta mazauni ce, ba ta ɗan asali ba. Mace da namiji, Musulmi da Kirista, kowane harshe.

Na uku, waƙar ta zama sabuwa, ta mai ita, kuma a rera ta da baki a gaban jama'a. Ba a danna kwamfuta ta gyara murya mutum yana motsa leɓe ba.

Na huɗu, a bayyana sunayen alƙalai tun farko. Wanda yake da ɗa ko ƙane ko yaron situdiyo a cikin 'yan takara, ya sauka. Maki a rubuta a allo nan take, kamar yadda ake yi a musabaƙa.

Na biyar, jama'a su samu kasonsu na ƙuri'a, amma da dabarar da Eurovision take amfani da ita: ba ka zaɓar naka. A matakin ƙaramar hukuma, ɗan Jambutu ya zaɓi na wata mazaɓa. Wannan zai karya lagon mai sayen ƙuri'a da mai kiran ƙabila.

Na shida, babu waƙar jam'iyya, babu yabon mai kujera. Ko a Turai an hana Belarus shiga a 2021 saboda siyasar da ke cikin waƙarta. Wanda zai wakilci kowa ba zai tafi da hular wani ba.

Na bakwai, waƙa ta mai ita ce. Kada a sa yaro ya sa hannu a takardar da za ta raba shi da haƙƙinsa saboda an saya masa tikitin mota.

Na takwas, in tafiya ta zo, a buga sunayen 'yan tawaga da kuɗin da aka ware. Jami'an rakiya kada su fi makaɗa yawa. Ba ma son tawagar da masu ɗaukar jaka suka cika jirgi, mai kalangu yana tasha yana jiran kuɗin mota.

Kada mu jira Abuja

Duk wannan ba sai an kafa doka ba kafin mu fara. Filin makarantar firamare muna da shi. Masu hayar lasifika 'yan unguwa ne. Muna da tsofaffin malaman Hausa da suka yi ritaya, waɗanda suka san karin waƙa da amsa-amo, muna da tsofaffin makaɗa da mata masu waƙar biki da za su iya zama alƙalai. Muna kira ga masu unguwanninmu, Allah ya ja zamaninsu, su kira zama. Ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwa su ɗauki nauyin kyauta. Ƙungiyoyin matasa su riƙe tsaro da tsari. Iyaye mata su zo su zauna a sahun gaba, domin inda uwa take zaune yaro ba ya sakin baki. A yi da rana, a tashi kafin magariba.

In Jambutu ta fitar da zakaranta a bana, ta aika wa Doubeli da Luggere da Rumde goron gayyata, baɗi mazaɓu goma sha ɗaya ne za su kara. In Yola ta Arewa ta yi, Yola ta Kudu da Girei da Numan da Mubi ba za su zauna kallo ba. Ranar da jiha ta ga abu yana tafiya da ƙafarsa, ita za ta biyo shi da gudu tana neman a sa sunanta. A lokacin ne za mu iya tsayawa gaban kowace hukuma mu ce: ga namu, ga yadda muka zaɓe shi, ku nuna mana yadda kuka zaɓi naku.

Ga kansilanmu da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya kuma, tambaya ɗaya muke so su kai gaba, a rubuce: in aka gayyaci Najeriya gasar waƙa ta duniya, wace hanya aka tanada ta fitar da wakili? In akwai, a karanta mana ita a rediyo. In babu, ga tamu mun bayar kyauta.

Wanda aka zaɓa a gabanmu, ko daga Kalaba ya fito, namu ne, za mu kwana gaban talabijin dominsa. Wanda aka ɗauko a bayan idonmu kuwa, ya tafi lafiya, Allah ya kiyaye hanya, amma kada a ce da sunanmu ya je.